Rigar da Aka Ɗinka Mini a Gardaya

Tun da muka dawo daga Aljeriya ban huta da tambaya ba. In na je rijiya a tambaye ni, in na zauna saƙar tabarma a tambaye ni, ranar kasuwar Buza kuwa har matan da ban sani ba sai su tsai da ni su ce, "Rabi, wai da gaske ne can mata da ido ɗaya suke yawo?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowace ta ɗauki nata guntun ta ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi tun daga farko, yadda ya faru.

Ga wanda bai san ni ba, ni ƴar Allakaye ce, kuma duk faɗin ƙasar Buza ban taɓa gamuwa da macen da zan yi wa magana ban sunkuya ba. Maza ma ɗaiɗai ne. Tsawon kakata na gada, wadda ta tashi a hannun Buzaye tana yi musu daka, kuma a bakinta na tsinci ɗan Buzancin da nake ji. A garinmu ba a ce wa mutum Doguwa, don sunan aljana ne, ba a wasa da shi. Sai yara suka sa mini Giginya, ya bi ni har gidan miji.

Zanen atamfa da ke kai wa kowace mace idon sawu, ni a tsakiyar ƙwauri yake tsaya mini. Saboda haka kowane zane nawa sai an kai wa tela a Buza ya ƙara masa ƙyalle daga sama, inda riga za ta rufe. Hannun riga ma haka. Takalmi kuwa baduku ne ke ɗora ƙafata a kan fata ya zana ya yanka. Kayana ba su da yawa, amma in ɗaya ya lalace babu kantin da zan shiga in sayi irinsa, babu kuma wadda zan je aro wurinta.

Maigidana kansa a kafaɗata yake tsayawa. Mutum ne mai raha. Lokacin aurenmu da abokansa suka dame shi da tsiya, cewa ya yi shi dai ya huta da aron tsani in za a ɗebo hatsi a rumbu. Bayan farin nan da ya watsa mazan ƙasarmu ta Adar cikin duniya, ya bi ƴan uwa zuwa Aljeriya, ya samu aikin gini a wani gari da ake kira Gardaya. Farkon dari sai ga wani mutumin Tama ya dawo daga can, ya zo har gida ya ce bango ya faɗo wa maigida a ƙafa, yana kwance a asibiti. Muka tambaye shi yaya ƙafar. Ya ce da sauƙi, yana duban ƙasa. Ya kuma ce maigida ya ce kada kowa ya zo.

Wannan "kada kowa ya zo" shi ya tsaya mini a rai, don ba halinsa ba ne. Mutumin da ko ƙaya ta soke shi sai duk gida ya ji. Aka yanke shawara ƙanensa Sha'aibu ya tafi, tunda ya taɓa zuwa Tamanrasat kuma yana jin ɗan Faransanci. Na ce da ni za a je. Surukata ta ce mace ba ta wannan hanya.

Na ce, "Inna, in yana son kewayawa wa zai ɗaga shi? Sha'aibu?"

Ta dubi Sha'aibu, wanda ko buhun gero sai an kama masa, ta dube ni. Ta ce in bar mata yaran.

Daga Buza muka bi ta Keita zuwa Tawa a motar kasuwa, gwiwoyina a haɓata, kowane rami kaina ya gaisa da rufin mota. A Tawa muka tsaya neman takardun tafiya. Mai hoto ya ja akwatinsa baya, ya ƙara ja, har ya kai bango, bai samu kaina ba. A ƙarshe ya ba ni turmi na zauna. Daga nan sai sabuwar kwalta zuwa Agadas, har Arlit, inda kwalta ta ƙare, gari ma ya ƙare.

A Arlit muka hau kamyo, irin manyan motocin nan da ake loda wa kaya har su fi ɗaki tsawo, mutane kuma su zauna a bisa. Wannan ce mota ta farko a rayuwata da na miƙe ƙafafuna yadda nake so. Mu biyu ne mata: ni da wata Buzuwa mai suna Raishita, dattijuwa, za ta wurin ɗiyarta a Tamanrasat. Da na gaishe ta da Buzanci ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce ina magana kamar tsohuwar da ta rasu tun kafin a haife ta. Daga nan muka ƙulla, abincinmu ɗaya, bargonmu ɗaya.

Ba zan ɓata muku lokaci da yadda hamada take ba, rairayi ne da duwatsu, yau kamar jiya. Abin da ban sani ba shi ne sanyinta. Mu nan in an ce dari, ka hura kara ka ji ɗumi, hantsi ya yi ka manta. Can kuwa da safe na je ɗiban ruwan alwala a bido, wato jarka, na tarar da samansa ya daskare kamar gilashi. Zane da ɗankwali ba su yi mini komai ba. Sha'aibu ya kwance rawaninsa ya ba ni, Raishita ta naɗa mini shi irin na mazansu, ido kaɗai a waje, na kuma lulluɓa da bargo. Abinci kuwa, masu motar ke kwaɓa garin alkama su binne shi cikin rairayi mai zafi ƙarƙashin garwashi, in ya gasu su kakkaɓe, su gutsuttsura cikin miya. Da farko na ƙi ci, na ce ni ba a ba ni abin da aka tono daga ƙasa. Yunwa ta sa na ɗanɗana, daga baya ni ke fara miƙa kwano.

Ana gab da iyaka muka tsaya, na ce a sauko mini da ƙunshin kayana in canza zane, kada in shiga ƙasar mutane da dauɗa. Da aka jawo shi sai na ga yana ɗiga. An ɗaure shi ne ƙarƙashin gangar gazuwal, man motar, gangar kuwa ta tsage tun ba a sani ba. Zannuwana duka, rigunana, har sabon zanen da na ajiye don ranar da zan ga maigida, sun sha mai sun yi baƙi. Direba ya yi ta ba ni haƙuri. Raishita ta shinshina ta girgiza kai, ta ce wannan ko an wanke ba ya fita, kuma kada in kusanci wuta da su. Sha'aibu ya ce, "Matar Yaya, kada ki damu, Tamanrasat babban gari ne, komi akwai." Shi dai bai taɓa neman zanen da zai kai mini idon sawu ba.

A ɓangaren Aljeriya aka sauke mu, maza layi guda, mu mata gefe. Wani ma'aikaci matashi ya karɓi takardata, ya dubi hoton, ya ɗaga kai ya dube ni, ya ƙara ɗagawa. Sai ya nuna mini layin maza. Na ƙi motsi. Ya ɗaga murya, ya kira wani, suka yi ta magana suna nuna ƙafafuna. Sha'aibu ya rugo yana ta "Madam, madam," ba wanda ya saurare shi. Ashe sun ɗauka namiji ne ya sato takardar mace. In an bi gaskiya ban ga laifinsu ba: ga rawani, ga bargo, ga ƙafa kamar faranti. Raishita ce ta zo ta tsaya gabana, ta ce in durƙusa, ta warware rawanin da hannunta. Kitsona ya fito, da ƴan kunnena. Saurayin nan kunnuwansa suka yi ja kamar gauta. Ya buga hatimi bai ƙara kallona ba, can kuma sai ga shi da kofin shayi ya miƙo mini da hannu biyu. Na karɓa na sha. Ana yi mini dariya tun ina yarinya, ba a dai taɓa cewa ni ba mace ba ce.

A Tamanrasat muka sauka gidan wasu mutanen Madawa. Na wanke kayan da toka da sabulu har fatar hannuna ta saɓule, warin bai tafi ba, jikina ma ya fara ƙuraje da na gwada ɗaura ɗaya. Raishita ta raka ni kasuwa. Can ba kamar nan ba ne da za ka sayi yadi ka kai wa tela; yawancin rigunan mata a ɗinke ake rataye su, dogaye har ƙasa, masu kyau ƙwarai. Dogaye ga matansu. Wadda duk na kara a jikina sai ta tsaya a gwiwa, hannun kuma a gwiwar hannu. Wani mai kanti ya hau kujera ya sauko da wadda ya ce ita ce babbar cikinsu. Faɗi gare ta, mutum uku sa shiga, amma tsawon nan dai shi ne. Ya ce in dawo bayan wata guda. Raishita ta ba ni mayafinta guda, shuɗi, mai tsawo, sai dai shara-shara ne, iska na ratsa shi. Muka rabu a ƙofar gidan ɗiyarta, ta riƙe hannuna ta ce in gaida mai jiki.

Da Sha'aibu ya ga ina kakkarwa, ya fita ya dawo da kashabiya, wata rigar ulu ce ta maza mai kauri, ruwan ƙasa, da hula a haɗe. Ya kuma sayo takalman sojoji na gwanjo da safa. Kashabiyar ta sauko mini ƙasan gwiwa kaɗan. Ya ja baya ya dube ni ya ce, "Wallahi Yaya ya samu ƙane na biyu." Na ɗaga hannu kamar zan make shi, amma ɗumin da na ji ya hana ni cire ta. A cikinta na shiga kar, babbar motar fasinja, muka yi ta tafiya arewa a kan kwalta har Gardaya.

Gardaya gari ne da aka gina bisa tudu, gida kan gida, lunguna ƙanana. Kuma gaskiya ne abin da kuka ji: matan asalin garin suna lulluɓa da farin mayafi tun daga kai har ƙasa, su bar ƴar kafa ta ido ɗaya. In sun gamu da namiji a lungu sai su juya su fuskanci bango har ya wuce. Ranar farko mata biyu suka yi mini haka. Mu da muke tallar fura a tsakiyar kasuwa muna ciniki da maza, abin ya ba ni mamaki, amma na ga su ba su ɗauke shi wahala ba. Masaukinmu wani gida ne da ƴan Adar masu aikin gini suka kama haya. Suka kwashe shebur da bokitai daga wani ɗan ɗaki suka ba ni. Abincinsu burodi dogo kamar taɓarya, da makaroni, da wata miya mai ruwa da suke kira shorba. Ba gero ko ƙwaya. Na yi kewar fura har ina jin ƙamshinta a hanci.

Da aka buɗe ƙofar asibiti ga masu dubiya muka shiga. Ɗaki ne babba, gadaje a jere. Na hango shi kafin ya gan ni. Ya rame, gemu ya fito masa. Sannan na ga bargon da ya rufa da shi: a dama ya tashi yadda ƙafa ke tashe shi, a hagu kuwa daga gwiwa ya kwanta shafe da katifa. Sai a lokacin na gane abin da mutumin Tama ke dubawa a ƙasa.

Duk ɗakin aka juyo ana kallona, marasa lafiya da masu dubiya. Maigida ya dube ni tun daga hular kashabiya har takalman soja. Na ce, "Sannu da jiki." Ya ce wa ƙanensa, "Sha'aibu, wa ya ce ka kawo ta? Dubi yadda mutane ke kallo." Ya juya fuskarsa bango.

Na tsaya har aka kaɗa ƙararrawar fita, bai juyo ba. Washegari ma haka. Mutumin da bai taɓa jin kunyar tafiya da ni ko'ina ba, yau ya ce mutane na kallo. Na ce a raina, ga shi cikin baƙin ciki a ƙasar mutane, ni kuma na zo masa kamar ɗan dako, ana nuna shi ana cewa ga matar wancan. Na ce wa Sha'aibu ba zan koma asibitin ba sai na samu kayan mata.

Muka bi kantunan garin ɗaya bayan ɗaya. Labarin Tamanrasat ne ya maimaita kansa. Na gwada farin mayafin matan garin, ya rufe mini kai da ido, ya bar ƙwaurina da takalman soja a waje. Mai kantin ya juya baya yana tari don kada in ga dariyarsa. Telolin kasuwa kuwa maza ne, kayan maza suke ɗinkawa, ba kuma za su auna mace ba. Ɗaya daga masu masaukinmu ya ce in je hamam, gidan wankan mata, ko ba komai na gasa jikina, kuma can ne mata ke haɗuwa.

Mu nan wanka ɗan bokiti ne a bayan ɗaki, kai kaɗai. Can gida ne guda, mata su taru cikin tururi, wannan na cuɗa bayan waccan, ana hira kamar gidan suna. Da na sunkuyo ta ƙofa da kashabiya, matar da ke tsaron wurin ta ƙwala ihu, wasu suka ruga ciki. Na yi maza na ture hular. Ihu ya koma dariya, dariyar kuma ba ta mugunta ba ce. Suka kewaye ni, wata ta kara tafin hannunta da nawa, wata ta taɓa kitsona. Na nuna musu kashabiyar, na nuna rigunansu da ke rataye, na buɗe hannuwa alamar babu. Sai duk suka juya suna kiran suna ɗaya: Zuhura.

Wata ƴar tsohuwa ta fito daga tururi, kanta bai wuce cibiyata da yawa ba. Ta zagaya ni kamar mai sayen raƙumi. Ta jira na yi wanka, ta kama gefen kashabiyata, ta ja ni har gidanta.

A zauren gidan wani dattijo na zaune yana shan hantsi. Hannun rigarsa na dama babu komai ciki, an naɗe shi an ɗinke a kafaɗa, ɗinki mai kyau. Ya amsa sallamata da fara'a. Daga baya na ji a yaƙin da suka yi da Faransa ya rasa hannun. A ciki Zuhura na da keken ɗinki. Ta hau kujera da zaren awo ba ta kai kafaɗata ba, ta sauko ta hau tebur. Da ta ga inda awon ya tsaya sai ta kama baki. Ta buɗe akwati ta fiddo wani jan karan-miski mai furanni ruwan ɗorawa, ta kara a jikina, ya ƙare a gwiwa. Ta fiddo wasu yadudduka, duk an yanke su daidai rigar mace guda. Ta tsaya tana tunani. Sai ta ɗaga kai ta dubi labulen ƙofar ɗakinta, kore, mai kauri. Ta nuna mini in sauke shi, tunda ni ba na bukatar kujera.

Ba ta jin Hausa, ba na jin Larabci in ba na salla ba, amma mun yi hira. Tana taka keke ta tambaye ni da hannu me ya kawo ni. Na nuna wajen asibiti, na sa gefen hannuna a gwiwa alamar yanka. Na juya fuskata bango yadda maigida ya yi, sannan na kama kashabiyata na girgiza, don ta gane saboda ita ne. Zuhura ta tsai da keken. Ta kaɗa yatsa, a'a. Ta nuna zaure inda mijinta yake, ta taɓa kafaɗarta ta dama, ta juya fuskarta bango ita ma, ta daɗe a haka. Sannan ta juyo ta shafa rigarta, ta sumbaci yatsunta, wato ita da kwalliyarta ta je masa, bai hana ya juya mata baya ba. Ta nuna idonta, ta nuna kafaɗar, ta rufe fuska da tafin hannu. Kalma ɗaya na kama a bakinta, sabur, wadda malamai ke faɗa in suna ba mutum haƙuri.

Na zauna a ƙasa kusa da keken, na yi kukan da ban yi ba tun Allakaye. Ta bar ni na gama, ta kawo mini dabino da madara.

Rigar da ta fito ba a taɓa ganin irinta ba. Daga wuya zuwa gwiwa ja ce mai furanni, daga gwiwa zuwa ƙasa koren labule, bakin hannuwan ma kore, ta kuma bi mahaɗin da zare ruwan zinariya don a ce da gangan aka yi. Ta sa mata shafi mai ɗumi daga ciki. Da na saka na ji gefenta ya taɓa bayan ƙafata, hannun ya rufe wuyan hannuna. Tunda nake ban taɓa sa tufar da aka yanka tun farko domina ba, kullum ta wasu ce ake yi wa ƙari. Na yafa shuɗin mayafin Raishita a kai. Zuhura ta kira mijinta ya gani, ya ɗaga hannunsa ɗaya ya ce mashaallah.

Na koma asibiti ni kaɗai. Maigida na fuskantar bango. Na ce, "Ga ni." Ya ɗan waigo, ya ƙara waigowa. Ya bi rigar da kallo har ƙasa. Na ga bakinsa na motsi yana ƙoƙarin danne wani abu.

Ya ce, "Rabi, labulen wa kika sato?"

Na ce, "Ba sata ba ce, ni na sauke shi da hannuna, mai shi na kallo."

Dariya ta ƙwace masa, daga dariyar kuma sai hawaye. Na zauna bakin gadon, a wurin da ƙafar ya kamata ta kasance, don nan ne da fili.

Na ce, "Ka ce mutane na kallo. Na ɗauka ni kake jin kunya."

Ya ce, "Ke? Ni nake nufi. Ban so ki gan ni haka ana kallo ba. Da wace ƙafa zan koma Allakaye? In shiga lambu da mi?"

"Ban zo ɗaukar ƙafa ba. Kai na zo ɗauka."

Can ya ce, "Ke kin saba da idon mutane."

Na ce, "Ban saba ba. Ba a sabawa. Fita dai ake yi."

Kafin a sallame shi na kai wa Zuhura wandunansa. Ba ta tambayi komai ba. Ta naɗe ƙafar hagu ta ɗinke, irin ɗinkin da na gani a kafaɗar mijinta. Ranar da za mu rabu na ba ta ƴar tabarmar salla da na saƙa da hannuna, wadda ita kaɗai gazuwal bai taɓa ba don a kanta nake zama. Ta jawo ni ƙasa ta sumbaci goshina.

Ranar sallama sai mun ratsa filin kasuwa kafin mu kai masauki. A ƙofar asibiti maigida ya tsaya bisa sandunan da aka ba shi, ya ga taron, ya ce mu jira mutane su ragu. Na ce, "Taho dai. Ba kai za su kalla ba." Haka kuwa aka yi. Masu dabino, masu darduma, har matan nan masu ido ɗaya, duk ni suka bi da kallo, ja da kore ina tafe kamar tutar wata ƙasa. Shi kuwa yana gefena yana koyon taku, ba wanda ya kula. Da muka kai ya ce, "Ashe kina da amfani ban da ɗibar hatsi."

Dawowa ta fi zuwa sauƙi, ko don hankalina a kwance yake. Duk inda za a hau kamyo ni ke ɗaga shi in miƙa wa na sama, Sha'aibu na biye da sanduna. Muna sauka kudu sanyi na raguwa, har na naɗe rigar na ɗaura zanen da matar masaukinmu a Agadas ta haɗa mini daga nata biyu. Amma da muka iso Buza, muna jiran motar Allakaye, maigida ya daina raha. Can ya ce, "Rabi, sa rigar nan." Rana ta take, amma na shiga gidan wata ƴar uwa na saka.

Bayan la'asar muka isa, lokacin da kowa ke waje. Labari ya riga mu. Maza sun taso daga ƙofar masallaci, mata sun leƙo ta kan darni. Na fara sauka, na sauko da shi. Nan take ido ya dawo kaina, ana ta salati, wata na cewa wannan wace irin riga ce. Muka kama hanyar gida, ina gabansa kaɗan, yana bin inuwata.

Mun kai rabin hanya sai na ji ƙarar sandunan ta tsaya. Na waiga.

Ya ce, "Ja baya kaɗan, kin tare ni. Bari su gan ni yau su gama."

Na ja baya. Ya gyara sandunan a hammatarsa, ya wuce gaba. Ya ɗaga murya ya gaida liman, ya gaida maƙeri, ya kira abokansa ɗaya-ɗaya da sunan tsiyar da yake kiransu, suna amsawa, wasu na share ido. Can ƙofar gida Inna na tsaye da yaranmu, ta kasa motsi. Ya nufe ta a hankali, taku ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa ina biye, zufa na bin bayana cikin karan-miski. Na duba dama, na duba hagu, babu mai kallona ko mutum ɗaya.